Darasi: Neman alamar rai a iskar duniyoyi masu nisa

Babu ɗan Adam da ya taɓa taka wata duniya da ke kewaya wani tauraro, kuma babu mai takawa a zamaninmu. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu shi ne Proxima Centauri, amma haskensa sai ya yi shekara huɗu da wata uku a hanya kafin ya iso mu, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, ya fi duk wani abin da hannu ya ƙera yin nisa da mu. Da can ya dosa, sai ya shafe sama da shekara 70,000 bai isa ba. Tun da zuwa ya faskara, abin da ya rage shi ne abin da ke zuwa mana daga can da kansa, wato haske.

Rana ma tauraro ce, kusanci ne ya sa take cika mana ido. Yadda duniyarmu da Mars da Jupita ke kewaya ta, haka wasu taurarin ke da nasu duniyoyin. An daɗe ana zaton haka babu hujja. A watan Oktoba na 1995 masana biyu 'yan ƙasar Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka ba da sanarwar sun gano duniya tana kewaya wani tauraro irin ranarmu mai suna 51 Pegasi. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2019. Zuwa 2022, duniyoyin da aka tabbatar sun haura 5,000. Mafi yawansu ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba. Daga abin da suke yi wa hasken tauraronsu aka san suna nan.

Abin da haske ke ɗauke da shi

Hasken rana da muke gani fari, haɗakar launuka ne. Bakan gizo ke nuna haka bayan ruwan sama: ja a gefe ɗaya, shunayya a ɗaya gefen, rawaya da kore da shuɗi a tsakani. Abin da ya bambanta launi da launi shi ne tsawon zango. Masu sauraron rediyo sun san wannan tun ba yau ba, domin idan aka ce tasha na kan mita 25 ko mita 31 a gajeren zango, tsawon zangon nan ake nufi. Saƙon rediyo da haske jinsi ɗaya ne, sai dai zangon haske ya yi ƙanƙantar da ake auna shi da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Ja yana wajen nanomita 700, shunayya wajen 400. Iyakar abin da idonmu ke kamawa ke nan.

A 1801 wani Bajamushe, Johann Ritter, ya ɗauki takarda mai sinadarin azurfa, irin wanda ke yin baƙi idan haske ya taɓa shi, ya ajiye ta gaba da shunayya, a inda ido ba ya ganin komai. Sai ta yi baƙi da sauri fiye da yadda ta yi a cikin launukan da ake gani. Ashe akwai haske a wurin. Shi ake kira altrabayolet, kuma zangonsa ya fi na shunayya gajarta. Duk hasken da zangonsa ya fi gajarta ya fi ƙarfin duka, shi ya sa mai walda ke rufe ido da baƙin gilashi. Wanda ya yi ganganci ya kalli wutar walda haka nan, altrabayolet ne ke hana shi barci da raɗaɗin ido a daren. A can gefen ja kuma akwai wani ɓoyayyen hasken mai dogon zango, infrared, wanda fatarmu ke ji a matsayin ɗumi.

A 1814 Joseph Fraunhofer, wani gwanin ƙera gilashi a Jamus, ya warware hasken rana da kyau, ya tarar da siraran layuka baƙaƙe sama da 500 sun ratsa launukan. Sai wajen 1860 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka bayyana dalili: kowane sinadari yana da zangunan da yake shanyewa, nasa shi kaɗai, kuma idan ya yi zafi waɗannan zangunan dai yake fitarwa. Ku barbaɗa gishiri kaɗan a kan wutar gas, za ku ga harshenta ya koma rawaya. Sodiyam ɗin da ke cikin gishirin ne, yana fitar da haske a nanomita 589. Idan farin haske ya ratsa tururin sodiyam, a daidai nanomita 589 za a ga giɓi. Saboda haka duk wanda ya warware haske ya ga inda giɓi yake, ya san abin da hasken ya ratsa a hanya, ko da hanyar ta shekara ɗari ce.

Idan duniya ta gitta gaban tauraronta

Wasu duniyoyin, hanyar kewayarsu ta biyo daidai tsakaninmu da tauraronsu. Idan suka zo gittawa, hasken tauraron ya ɗan dushe na 'yan sa'o'i. Jikin duniyar yana tare kowane launi daidai wa daida. Amma iskar da ta lulluɓe ta ba haka take yi ba: haske na ratsa ta ta gefe-gefe, ita kuma ta shanye zangunan da sinadaranta ke sha, ta bar sauran su wuce. Masani sai ya warware hasken tauraron kafin gittawa, ya sake warware shi lokacin gittawa, ya duba abin da ya ɓace.

An fara cin nasarar wannan da wata ƙatuwar duniya mai suna HD 209458 b, wadda ta fi Jupita faɗi, take gama kewaya tauraronta cikin kwana uku da rabi. Nisanta da mu ya ɗara tafiyar haske ta shekara 150. A 2001 David Charbonneau da abokan aikinsa suka sanar da ganin sodiyam a iskarta da madubin hangen nesa na Hubble. A 2003 kuma Alfred Vidal-Madjar, masani daga Faransa, ya dube ta da hasken altrabayolet, a nanomita 121.6, inda haidurojin ke sha. A hasken da ido ke gani, duniyar tana tare kashi ɗaya da rabi cikin 100 na hasken tauraron. A wannan zango kuwa kashi 15 ta tare. Ma'anarsa, akwai wani makeken gajimare na haidurojin kewaye da ita, zafin tauraron yana kwashe mata iska tana zubewa a sarari. A 2015 aka ga irin haka a wata mai suna GJ 436 b, inda gajimaren ya tare fiye da rabin hasken.

Babu mai neman rai a waɗannan duniyoyi biyu, dunƙulen gas ne masu tsananin zafi. Abin riƙewa a nan shi ne, abin da ya kusa ɓuya a hasken ido yana iya fitowa ɓaro-ɓaro a altrabayolet.

Oksijin da ozon

Me za a nema a iskar wata duniya da zai nuna akwai mai rai a cikinta? James Lovelock, wani masani ɗan Ingila, ya ba da amsa a 1965: a nemi sinadaran da bai kamata a ce suna nan ba sai idan wani abu yana ta sabunta su. Iskarmu kashi 21 cikin 100 oksijin ce. Oksijin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Shi ke sa ƙarfe tsatsa, shi ke cin itace a wuta, yana shiga duwatsu yana maƙalewa. Da tsirrai da ƙananan halittun teku za su daina fitar da shi, da cikin wasu miliyoyin shekaru ya ƙare. A cikin iskar nan dai akwai gas ɗin miten, wajen kashi biyu cikin miliyan, wanda ke fitowa daga tumbin shanu, da gonakin shinkafa, da fadamu, da surin gara. Miten ba ya wuce shekara goma sha wani abu a iska mai oksijin kafin ya lalace. Ganin su biyun tare na nufin ana zuba su kullum.

Matafiyin da ya hango hayaƙi a bayan tudu ya san akwai wuta a yanzu, domin hayaƙi ba ya kwana, iska ke kwashe shi. Sai dai hayaƙin bai gaya masa ko tukunya ce a kan murhu ko gobarar daji ce da tsawa ta tayar ba. Za mu dawo ga wannan rabin na biyu.

An gwada shawarar Lovelock a kan duniyar da muka tabbata tana da rai. A watan Disamba na 1990 kumbon Galileo, a hanyarsa ta zuwa Jupita, ya biyo ta kusa da mu. Wani masani, Carl Sagan, ya sa aka juyo da na'urorinsa suka dubi duniyarmu kamar ba a san ta ba, kuma a rahoton da suka fitar a 1993 sun nuna oksijin mai yawa, da miten, da ruwa, duk daga haske.

To ina altrabayolet ya shigo? Oksijin da muke shaƙa ƙwayoyi biyu ne a haɗe. A can sama, altrabayolet mai zango ƙasa da nanomita 242 yana raba su. Kowace ƙwaya da ta rabu sai ta maƙale wa wasu biyun da ke haɗe, su zama uku. Wannan mai ukun shi ne ozon, kuma mafi yawansa yana tsakanin kilomita 15 da 35 a samanmu. Ozon ba ya samuwa sai da oksijin, don haka ganin sa ganin oksijin ne a fakaice.

Yawansa bai taka kara ya karya ba. Da za a tattaro duk iskar duniya a danne ta da irin matsin da ke bakin teku, kaurinta zai kai kilomita 8. Ozon a ciki milimita 3 ne kacal. Amma wannan milimita ukun yana shanye kusan duk hasken da ke tsakanin nanomita 200 da 300, shan ya fi tsanani a wajen 255. Tun a 1879 Alfred Cornu ya lura hasken rana na yankewa tashi ɗaya a wajen nanomita 300, ba da jimawa ba Walter Hartley, wanda ke koyarwa a Dublin, ya ce ozon ne ke yanke shi. Da ba don wannan kariya ba, da zama a doron ƙasa ya gagari tsiro da dabba, domin wannan zangon ne ke lalata ƙwayar halitta. Wanda ke hangen duniyarmu daga nesa kuwa, zai gan ta tana sheƙi a hasken shuɗi, yana gangarowa ƙasa da nanomita 300 sai ya gan ta ta yi duhu ƙirin.

Ga inda maganar ta fi daɗi. Ozon ba ya raguwa daidai da raguwar oksijin. Lissafin masana ya nuna ko da oksijin ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin 100 na wanda muke da shi yau, ozon da zai samu ya isa ya bar babban giɓi a altrabayolet, alhali layin oksijin kansa, wanda ke nanomita 760, zai kusa ɓacewa. Wannan ba lissafin banza ba ne, tarihin duniyarmu ne. Shekarunta biliyan huɗu da rabi. Akwai shaidar rai a duwatsu tun shekara biliyan uku da rabi da suka wuce. Oksijin bai fara taruwa a iska ba sai wajen shekara biliyan 2.4 baya, ta hanyar wasu ƙananan halittun ruwa masu amfani da hasken rana, kuma bayan ya fara, ya yi kusan shekara biliyan biyu mafi yawanci yana ƙasa ƙwarai da yadda yake yau. Masana sun saɓa a kan adadin, amma da yawansu na ganin a wani dogon zamani bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na yanzu ba. Tekuna cike suke da rai a lokacin. Mai neman layin oksijin kaɗai zai iya duba ta ya ce kango ce, ya wuce. Mai duba altrabayolet zai iya kama ta. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta wannan fanni: babu dalilin zaton cewa duniyoyin da za mu samu sun kai irin shekarun tamu, ko sun bi irin hanyarta.

Dabarar tana da iyaka. Kafin shekara biliyan 2.4 ɗin nan, duniyarmu ta yi sama da shekara biliyan ɗaya da rai a cikinta babu ozon ko kaɗan. Irin wannan duniya, sai dai a nemi miten a infrared.

Wataƙila cikinku akwai waɗanda suka ga wata ya yi zazzaɓi da asubahin 21 ga Janairu, 2019, domin an ga husufin a Afirka ta Yamma. A daidai lokacin Hubble yana kallon watan. A husufi duniyarmu ce ke shiga tsakanin rana da wata, jan hasken da ke sauka a kan watan kuwa hasken rana ne da ya ratso iskarmu ta gefe. Allison Youngblood da abokan aikinta suka warware hasken da watan ya maido, suka ga giɓin ozon a altrabayolet, suka wallafa a 2020. Gwaji ne na ainihin abin da ake son yi wa duniyoyin nesa, kuma ya yi.

Oksijin da babu rai a bayansa

Yanzu ga gobarar daji. Altrabayolet ɗin da ke raba oksijin yana raba ruwa ma. Ruwa haidurojin biyu ne da oksijin ɗaya. Idan duniya ta yi zafin da tekunta ya zama tururi ya hau sama, haske zai farfasa tururin, haidurojin saboda rashin nauyi ya tsere, oksijin ya zauna. Da haka duniyar da babu ko ƙwayar halitta ɗaya za ta iya tara oksijin fiye da namu. Ana jin Zara, wadda littattafan kimiyya ke kira Venus, ta haka ta rasa ruwanta. Haske na kuma farfasa kabon dayoksaid ya saki oksijin. An ga ozon ɗan kaɗan a Mars, an gan shi a Zara a 2011, kuma a 1995 Hubble ya ga oksijin siriri kewaye da Europa, ɗaya daga watannin Jupita, wanda ke fitowa daga farfashewar ƙanƙara. Babu ɗaya cikin ukun da ya fito daga mai rai.

Matsalar ta fi tsanani ga ƙananan jajayen taurari, waɗanda su ne wajen kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke yankinmu na sarari. Proxima Centauri irinsu ne, haka TRAPPIST-1, wanda a 2017 aka sanar yana da duniyoyi bakwai masu girman tamu, a nisan tafiyar haske ta shekara 40. Irin waɗannan taurari suna yin ɗaruruwan miliyoyin shekaru suna da zafi fiye da kima a ƙuruciyarsu, sannan sukan yi aman wuta mai cike da altrabayolet. Don haka ba a iya fassara iskar duniya sai an auna altrabayolet ɗin tauraronta tukuna. Wannan shi ne aiki na biyu da wannan haske ke yi, kuma bai gaza na farko muhimmanci ba.

Shi ya sa mai hankali ba ya yanke hukunci da sinadari ɗaya. In an ga ozon, sai a tambaya: akwai ruwa? Akwai miten tare da shi? Akwai kabon monoksaid mai yawa, wanda ke tona asirin cewa haske ne ya farfasa kabon dayoksaid? A watan Afrilu na 2025 wasu masana a Jami'ar Cambridge, ƙarƙashin Nikku Madhusudhan, suka ce sun ga alamar wani gas da ƙananan halittun teku ke fitarwa a duniyarmu, a iskar wata duniya mai suna K2-18 b, mai nisan tafiyar haske ta shekara 124. Labari ya zaga duniya. Wasu masanan suka sake duba bayanan suka ce alamar ba ta kai a dogara da ita ba. Idan kuka ji rediyo ta ce an gano rai a wata duniya, ku tambaya wane sinadari aka gani, nawa aka gani tare, kuma ko wasu masanan daban sun tabbatar.

Kayan aikin

Ozon ɗin da ke kare mu shi ke hana mu wannan bincike daga ƙasa, tun da ya shanye hasken da muke son aunawa. Dole madubin ya kasance a sama da shi. Hubble, mai madubi faɗin mita 2.4, an harba shi a Afrilu 1990, yana kewaya duniya a tsawon wajen kilomita ɗari biyar. Gyaran ƙarshe da 'yan sama jannati suka yi masa a 2009 ne, jiragen da ke kai su kuma an yi musu ritaya a 2011. Madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, faɗinsa mita 6.5 ne, shi ya ga kabon dayoksaid a iskar wata duniya mai suna WASP-39 b a 2022, amma infrared yake gani, ba ya ganin altrabayolet. Abin damuwa ne a ce babban aikin wannan fanni ya rataya a kan na'urar da ta haura shekara talatin, ba ta da mai gyara.

Ko Hubble ɗin ma bai isa ya ga ozon a duniyar nesa mai girman tamu ba. Idan duniyarmu ta gitta gaban rana, kashi 84 cikin miliyan na hasken take tarewa, rabon iskarta a ciki kuwa bai wuce wajen ɗaya cikin miliyan ba. Sannan cikin duniyoyi 200 masu hanya irin tamu, ɗaya ce kawai za ta dace ta gitta a inda za mu gani. Mafita ita ce a toshe hasken tauraron a cikin madubin, a kama hasken da duniyar ke maidowa kai tsaye. Wahalar kuwa, rana ta fi duniyarmu haske sau biliyan goma. A 2021 kwamitin masana taurari na Amurka ya ba da shawarar a ƙera madubi mai faɗin wajen mita 6, mai ganin altrabayolet da hasken ido da infrared, domin ya duba duniyoyi wajen 25 masu kama da tamu. Hukumar NASA ta sa masa suna Habitable Worlds Observatory, ana sa ran harba shi bayan 2040.

Aikin yi

Ku samo tsohon faifan CD. Da dare, ku karkata shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai zare, sannan a ƙarƙashin dogon farin ƙwai irin na ofis da asibiti. A na farkon launuka za su bi juna babu yankewa, a na biyun za ku ga sun rabu gida-gida, saboda sinadaran da ke cikin ƙwan. Ku zana abin da kuka gani. Kada a gwada wannan da rana, hasken da faifan zai maido yana iya ɓata ido.

Sannan ku tattauna a aji: an samu duniyoyi biyu, duka da ozon. Ta farko tana kewaya tauraro irin ranarmu, an ga ruwa da miten a iskarta. Ta biyu tana kewaya ƙaramin jan tauraro mai yawan aman wuta, babu ruwa a iskarta, akwai kabon monoksaid mai yawa. Wacce za ku ba lokacin madubin, kuma wane awo za ku nemi a ƙara kafin ku ce komai?